Rubutaccen shirinmu na wannan mako: Me ya sa wayifai ba ya kaiwa cikin gida?

  Yau maganar intanet na cikin gida za mu yi, domin tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce: mun sayi rauta, muna zuba mata data duk wata, amma a falo kaɗai take aiki, mene ne abin yi? Wasu kuma sun ji ana ta maganar mesh, suna so su san ko ya ci kuɗinsa. Kalmar mesh ɗin nan ma'anarta raga, saboda haka tsarin raga zan riƙa ce masa.

Kafin mu shiga fasahar, ku lura da wani abu. A yawancin gidajenmu, ina ake ajiye rauta? Falon maigida, ko ɗakin samari da ke kusa da zaure. Wa ke can ƙuryar gida? Iyaye mata da 'yan mata. Saurayi in sigina ta ƙi, sai ya fito ƙofar gida ya zauna a kan dakali har sha biyun dare, ba mai ce masa uffan. Ƙanwarsa da ke shirin JAMB, ko matar yayansa da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, ba su da wannan damar. Sai su koma sayen data a wayarsu, alhali da kuɗin gidan ake biyan rautar. Tun da NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, biyan intanet sau biyu a gida ɗaya ba ƙaramin nauyi ba ne. Shi ya sa na ga batun ya isa a yi masa shiri guda.

To, abu na farko, kuma don Allah kada ku tsallake shi: ku tabbatar matsalar daga cikin gida take. Ka tsaya dab da rautar, ka buɗe Speedtest ko fast.com, ka rubuta abin da ya nuna. Ka je ɗakin da ake kuka da shi ka sake gwadawa. Ka yi haka da safe, ka yi da misalin tara na dare lokacin da kowa ya hau. In a gaban rautar kana samun megabit 40, a ƙurya kuma 2, to tsarin raga zai yi maka magani. Amma in a gaban rautar ma 3 kake samu, ka riƙe kuɗinka. Ruwan da ke shigowa tanki ne ya yi kaɗan, ƙara famfo goma a gidan ba zai ƙara ko ɗigo ba. Wannan kamfanin da kake saye a wajensa za ka duba, ko wurin da ka ajiye rautar.

Me ke cinye siginar? Wayifai igiyar rediyo ce, kuma yawancin rautocinmu a zango biyu suke watsawa: gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na 2.4 ya fi tafiya nesa, ya fi ratsa bango, amma ba shi da sauri sosai, ga cunkoso. Tashoshi uku kawai yake da su da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma Bluetooth ma a nan yake, haka rautar maƙwabcinka. Na 5 yana da sauri ƙwarai, amma bango biyu masu kauri sun isa su gajiyar da shi.

Yanzu ku dubi ginin da muke yi. Bulo mai inci tara, dakin na kankare cike da rodi, ƙofar ƙarfe, tagogi da baglar, wani lokacin har da ragar sauro ta ƙarfe, sama kuma kwano. Ƙarfe mayar da sigina yake yi baya. Ruwa kuma shanye ta yake yi, don haka tankin ruwan da ke tsakanin ɗaki da ɗaki shi ma katanga ne. Tsofaffin gidajen cikin birni masu ginin ƙasa, irin katangar da kaurinta ya kai kamu ɗaya ko fiye, su ma ba sa barin ta wuce yadda ya kamata. Lambar da kuke gani a jikin kwali, wai na'ura tana rufe murabba'in ƙafa dubu kaza, ku ɗauke ta da hankali. A Amurka gidaje da yawa katako ne da allon farin siminti marar kauri. Namu ba haka yake ba.

Akwai manhajoji na kyauta a Android da ke auna ƙarfin sigina, ka rubuta WiFi Analyzer za ka gani. Lambar tana zuwa da alamar ragi a gabanta. Ragi 50 lafiya lau ne. Ragi 67 shi ne kusan iyakar da kiran bidiyo zai tafi ba yankewa. In ka kai ragi 80, sunan wayifai kawai kake gani. Kuma lissafin ba irin na kasuwa ba ne: duk raguwar 3, rabin ƙarfin ne ya tafi, raguwar 10 kuwa, kashi ɗaya cikin goma ne ya saura. Kun ga ke nan tsakanin ragi 50 da ragi 80 ninki dubu ne.

Wani zai ce, ai akwai ekstenda, 'yar ƙaramar nan da ake soka wa a soket, ga ta da araha. E, akwai, kuma in ɗaki ɗaya ne kawai ke ba ka matsala, za ta iya isarka. Sai dai mai araha da baki ɗaya take ji, da shi take maimaitawa: ta karɓa daga rauta, ta tsaya, ta faɗa wa wayarka. Shi ya sa saurin yakan faɗi zuwa kusan rabi. Sau da yawa kuma sabon suna take fitarwa, sai ka ga wayarka ta maƙale wa rautar falo mai layi ɗaya alhali kana tsaye a gaban ekstendar.

Tsarin raga na'urori biyu ne ko uku ko fiye, da aka ƙera su don su yi aiki tare. Ɗaya ita ce uwa, ita ake haɗawa da inda intanet ke shigowa. Sauran 'ya'ya ne, ana rarraba su a gidan. Suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya. Kina tafiya daga kicin zuwa ɗaki kina kira, su ne za su taimaka wa wayarki ta koma kan wadda ta fi kusa. Kuma in hanya ɗaya ta toshe, suna neman wata da kansu, matuƙar akwai wata 'yar'uwar da suke iya jiyowa. Ba sabon ilimi ba ne, ƙa'idarsa mai lamba 802.11s tun 2011 aka fitar da ita. Amma shigarsa gidajen mutane sosai a 2016 ne, lokacin da Eero da Google Wifi da Orbi na Netgear suka fito. A kasuwanninmu kuwa za ku fi cin karo da Deco na TP-Link, da Nova na Tenda, da Halo na Mercusys. Ba talla nake yi wa kowa ba.

Ga inda mutane ke asarar kuɗi. Kun taɓa ganin masu zuba dakin, yadda suke jeruwa suna miƙa kwanon kankare hannu da hannu? In ka ɗauki mutum ɗaya ka kai shi can ƙarshe inda hannun na kusa da shi ba ya kaiwa, ba abin da zai miƙa. Haka 'yar raga take. Mutum sai ya kai ta cikin ɗakin da sigina ta mutu, wayarsa ta nuna layi cike, ya yi murna, ya buɗe YouTube ya ga yana ta juyawa. Layin da ya cika tsakanin wayarsa ne da 'yar. Tsakanin 'yar da uwar kuwa ba komai. Wurin ajiye ta shi ne tsakiyar hanya, inda siginar uwar take da sauran ƙarfi, kamar ragi 60 zuwa 65.

A nan tsarin gidan Bahaushe ya yi mana rana. Tsakar gida fili ce, ɗakuna sun kewaye ta. Maimakon ka tilasta wa sigina ta ratsa bango huɗu a jere, ka sa na'urorin kusa da tagogi ko a baranda, su riƙa hangen juna ta tsakar gida. A ɗaga su sama, kamar kan kanta ko saman sif. Ban da bayan talabijin, ban da cikin durowa, ban da ƙasan gado don tsoron yara. Kada kuma a cusa su cikin silin a ƙarƙashin kwano: yawancinsu an rubuta iyakar zafinsu digiri 40, mu kuwa a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a inuwa ma ana wuce haka.

Masu rautar sim, irin ta 4G ko 5G, ku saurara. Ita tana son taga, ɓangaren da ke kallon turken kamfani, wanda sau da yawa gefen gida ne. Wayifai kuma yana son tsakiya. Waɗannan buƙatu biyu ba sa haɗuwa a akwati ɗaya. Da tsarin raga sai ka bar rautar a tagarta, ka jawo kebul zuwa uwar ragar, ka kashe wayifan rautar gaba ɗaya don kada su riƙa yi wa juna surutu. Masu Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, su ma haka ne, sai dai wasu samfuran rautarsa ba su da ramin kebul sai an sayi mahaɗi daban.

In kun tambaye ni shawara ɗaya da ta fi kowacce, ita ce kebul. Duk inda za ka iya jan waya daga uwa zuwa 'ya, ja. Kebul na Cat6 yana kai mita 100 ba tare da ya gaji ba, kuma ba ruwansa da kaurin bango. In ba waya, kowane tsalle daga na'ura zuwa na'ura yana cin wani abu daga saurin, musamman a masu zango biyu. Masu zango uku suna iya ware ɗaya don maganar tsakaninsu, amma tsadarsu sai wanda ya shirya. Raga mai araha guda uku da aka haɗa da kebul, a gidan bene ko gida mai sassa, sau da yawa za ta doke mai tsada da aka bari tana kokawa da dakin. Ka dai nemi kebul na jan ƙarfe zalla, domin akwai na alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, a ido ba ka bambancewa sai ka kankare. In zai bi waje daga sashe zuwa sashe, a sa shi cikin bututu, kuma a yi tunanin tsawa da damina.

Sai wuta. Wannan masu rubuta bayanin kwali ba sa kawo shi, don ba matsalarsu ba ce. Kowace na'ura tana cin kamar wat 6 zuwa 12. Mu ce 10. Guda uku wat 30 ke nan, a awa goma wat-awa 300. Ba wani abu ba ne ga mai inbata ko sola, amma dole kowacce ta samu, har da rautar kanta. In uwa ta mutu, gidan duka ya mutu. In ta tsakiya ta mutu kuma ita ce gada, na bayanta sun yanke ko da suna da wuta. A gidan da sashe ɗaya ke da sola, ɗayan ba shi da ita, ku zauna ku tsara wannan tun kafin saye. Akwai ƙananan batura na rauta masu fitar da bolt 9 ko 12, ka duba abin da aka rubuta a jikin cajar na'urarka ka sayi daidai da shi, kada ka yi kintace.

Wajen saye, ka duba ramukan kebul na gigabit ne, domin wasu masu arahar a megabit 100 suke tsayawa. Wi-Fi 5 ya ishi yawancin gidaje. Wi-Fi 6 ya fi iya ɗaukar wayoyi da yawa a lokaci guda, in gidanku irin mai mutum talatin ne. Ka fara da biyu, in ba su isa ba ka ƙara. Cika gida da su ma matsala ne, suna damun juna. Kuma ka sayi 'yan gida ɗaya. Akwai wata ƙa'ida, EasyMesh, da aka fito da ita a 2018 don na kamfanoni daban-daban su fahimci juna, amma ni ba zan ce ka dogara da ita da kuɗinka ba.

In an gama haɗawa, a canja kalmar sirrin da ta zo da ita, a sa WPA2 ko WPA3, a buɗe layin baƙi daban don masu zuwa gaisuwa da abokan samari. Manhajar tana nuna duk wayar da ke kai, wasu ma suna ba ka damar fifita wata. Ina roƙon samarin da galibi su ke riƙe da wannan manhajar: wayar mai karatu da ta mai sana'a za ku fifita, ba taku ta kallon ƙwallo ba. Kuma riƙe manhaja amana ce, ba lasisin bin diddigin 'yan'uwa ba ne.

Wasu 'yan haya da ɗalibai sun tambaya ko za su iya yin karo-karo, gida ɗaya layi ɗaya. Ta fuskar fasaha, ƙwarai kuwa, kuma a duniya an kai abin nesa: Guifi.net a yankin Kataloniya na Sifen tun 2004 mutanen karkara suka fara haɗa hanyarsu da kansu, akwai kuma Zenzeleni a ƙauyen Mankosi na Afirka ta Kudu. Amma ku karanta sharuɗɗan kamfanin da kuke saye a wajensa, ku duba ko datar da aka ce ba ta da iyaka tana da wani mizanin da in an kai ake rage gudu, domin mutum ashirin za su kai shi da wuri. Kuma raba kuɗi tsakanin 'yan gida daban, sayar wa unguwa daban. Na biyun harka ce da ke buƙatar lasisin NCC. Wannan shiri ne guda, za mu kawo shi.

Wanda ya auna gidansa, ya ajiye mana lambobin a ƙasan wannan rubutu: nawa a gaban rauta, nawa a ƙurya, bango nawa ne a tsakani, kuma ginin bulo ne ko na ƙasa. Za mu ɗauki wasu mu duba su tare a shiri na gaba. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.