Arlit Bayan Yuraniyom: A Fara da Lissafin Ruwa



Garin nan ba fatake suka kafa shi ba, ba kuma manoma ba. Ma'adini ne ya haife shi. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a 1971. COMINAK ya biyo baya da ramin Akuta a 1978. Asibiti da ruwan famfo da wutar lantarki, duk a jikin kamfani suka rataya. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe Akuta, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na 'yan kwangila. Mai kanti a Akokan ya ji rufewar nan a cikin littafin bashinsa.

Tun daga nan ake ta batun lambuna da hasken rana da dashen itatuwa. Magana ce mai kyau, amma dukkanta a kan ruwa take tsaye, kuma ruwan Arlit ba irin na Maraɗi ba ne, wanda damina ke mayarwa. Tsohon ruwa ne da ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa tun zamanin da Sahara take da dausayi. Abin da aka ja ya tafi ke nan. Fiye da shekara 50 ana jansa don wanke dutse da shayar da gari. Ga kuma tarin dusar ma'adini, kimanin tan miliyan 20, da aka bari a Akuta. Shirin da aka sanar lokacin rufewa shi ne a lulluɓe ta da yumɓu da duwatsu. Lulluɓi yana tare ƙura, amma abin da ke tsiyaya ƙasa sai awo yake nuna shi.

Awon nan ba baƙon abu ba ne. Ƙungiyar Aghirin'man ta Almustafa Alhasan ta gayyato masanan CRIIRAD daga Faransa a 2003, Greenpeace ta zo a 2009. Sun sami gurɓataccen ƙarfe a kasuwa, da ruwan da ya wuce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a wasu wuraren. Saboda haka wajibi ne hukumar gari ta sa a auna kowace rijiyar lambu, a manna sakamakon a ƙofar ofis da bakin kasuwa. Ɗan kasuwar da zai kai tumatirin Akokan Agadas ya yi gogayya da kayan lambun Tabelot da Timiya yana bukatar takardar da zai nuna, domin zargi kaɗai ya isa ya karya farashi.

Kuɗin aikin fa? Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin yankin kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu daga ma'adini. A watan Yunin 2025 gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa, wato yanzu Yamai ce za a tambaya. Ma'aikacin da ke riƙe da kundin kasafi ya faɗa wa 'yan majalisar gari nawa ya shigo, nawa ya maƙale, kuma nawa daga ciki aka kashe a kan rijiya.