TSADAR JINYAR MASU TAƁIN HANKALI DA HAƘƘINSU A KANMU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, ciwon damuwa mai tsanani da taɓin hankali cututtuka ne kamar sauran cututtuka, kuma ya inganta daga Annabi (S.A.W.) cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Mun daɗe muna hana jama'a zuwa wurin bokaye da 'yan bori, kuma ba za mu fasa ba. To amma wanda muka hana shi zuwa can, da me zai je asibiti?

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, ga kuma na Dawanau a Kano. Mutumin ƙauye zai biya kuɗin mota, da na kati, da na gado, da abinci, mai jinya kuwa ya bar gonarsa ko kasuwarsa makonni. Sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen ɗawainiya ba. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma ana ci gaba da shan sa aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi. Mai taɓin hankali kuwa sau da yawa shekaru yake yi a kan ƙwayoyi ko allurar wata-wata. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 magani ya ƙara tsada. Idan kuɗi suka yanke sai a daina sha, ciwon ya dawo, a sake kwanciya da kuɗin da suka fi na farko. Daga nan ne dangi ke gajiya su koma ga mari da sarƙa.

A shekarar 1284 Miladiyya Sarki Ƙalawun ya gina asibiti a Alƙahira da dukiyar waƙafi, ana jinya kyauta, har da sashen masu taɓin hankali. Aya ta 60 a Suratut Tauba kuwa ta sanya matalauta da mabarta cikin masu cin zakka, kuma iyalin da jinya ta cinye musu dukiya sun shiga ciki.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin masallatanmu da 'yan agaji su ƙidaya irin waɗannan gidaje a unguwanninsu cikin sirri, su ware kaso daga zakka domin sayen maganin kowane wata, a riƙa biya kai tsaye a kantin maganin asibiti.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.