Gane Ajin Amfilifaya Mai Bawul da Saita Bayas Ɗinta



Wani zai ce me ya kai mu tonon bawul a zamanin wayar hannu. Da gaskiyarsa, kayan ya tsufa. John Ambrose Fleming ya ƙera bawul na farko a Ingila a 1904, Lee de Forest ya ƙara masa girid a Amurka a 1906, taransista kuma ta bayyana a 1947 ta kore shi daga rediyo da talabijin. Amma makaɗan jita da masu son sauti mai ɗumi sun ƙi sakinsa, har yau ana ƙera shi a Saratov ta Rasha, da Sulobakiya, da Sin. Ranar da aka ajiye maka irin wannan amfilifaya a kan tebur, tambayoyi biyu ne za su tare ka: a wane aji take aiki, kuma wuta nawa ya kamata bawul ɗinta ya ja? Amsar duka biyun a bakin mita take. Abin da aka rubuta a jikin akwati talla ce.

Cikin kwalbar bawul akwai katod, wanda idan ya yi zafi yake sakin ilektiron, da faranti mai ɗauke da bolt ɗari uku zuwa ɗari biyar yana janyo su. Girid na tsakani. Gwargwadon yadda aka sa shi ƙasa da katod a bolt, gwargwadon yadda yake tauye wutar da ke wucewa. Wannan tazarar ta bolt, a lokacin da babu sauti ko kaɗan, ita ce bayas. Ita ke yanke wutar da bawul zai riƙa ja yana zaman jira, daga nan kuma aji yake fitowa.

Igiyar sauti tana hawa tana sauka, zagaye ɗaya digiri 360. Bawul ɗin da wuta ba ta yanke masa ba a duk zagayen yana ajin A. Wanda ke aiki rabin zagaye, digiri 180, ya bar wa abokinsa sauran, yana ajin B. Kamar lugude ne: mata biyu, turmi ɗaya, wannan ta ɗaga taɓarya waccan ta sauke. Idan aka sami ɗan jinkiri wajen miƙa hannu, kunne zai ji gurgunta a kiɗan, kuma ita ce ƙazantar sautin da ajin B ya yi suna da ita, musamman in an rage murya. Maganinta shi ne ajin AB, inda kowane bawul ke zarce rabin zagaye kaɗan. Ajin C na injinan watsa shirye-shiryen rediyo ne, ba ruwanmu da shi yau. Ajin A ya fi tsabtar sauti amma almubazzari ne: ko da taransifoma, ba ya mai da fiye da kashi 50 cikin ɗari na wutar da ya ci zuwa sauti, alhali iyakar ajin B kashi 78.5 ce.

To, yaya za ka gane? Fara ƙirga manyan bawul na fitarwa. In guda ɗaya ne, kamar Fender Champ mai 6V6 ɗaya da wat 5, ajin A ce, domin ba shi da abokin da zai karɓe shi. In biyu ne ko huɗu, ƙirga ba ta raba gardama. Amfilifayar Williamson da mujallar Wireless World ta buga a 1947 tana da KT66 biyu, tana ba da wat 15, kuma ajin A ce. Marshall mai EL34 biyu kuwa wat 50 take bayarwa. Ku yi lissafin da kanku: farantin EL34 wat 25 yake iya ɗauka, biyu sun zama 50, ajin A kuma rabin wannan ne iyakarsa, wato 25. Ashe Marshall ɗin AB ce, ba sai an buɗe ta ba.

Ku ɗora wannan awon a kan Vox AC30, wadda aka shafe shekaru ana tallarta da sunan ajin A. EL84 huɗu gare ta, kowane wat 12, jimla 48, rabi 24. Ina wat 30 ɗin da take bayarwa ya fito? AB ce da aka saita da zafi ƙwarai, tana zama a A in an kaɗa a hankali, ta fice in an murɗa. Ruɗanin ya samo asali daga yadda aka haɗa bayas ɗinta ta rizistar katod, mutane suka ɗauka duk mai irin wannan haɗin ajin A ce. Ba haka ba ne. Hanyar samar da bayas daban, aji daban. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka sa rizista mai ƙarfi a madadin lasifika, ka shigar da sautin gwaji, ka riƙa ƙarawa har zuwa gab da inda igiyar za ta fara yankewa, idonka na kan wutar katod. In ta tsaya kusan inda take, A ce. In ta yi ta hawa, AB ce.

Kafin na shiga saiti, kashedi, kuma ba da wasa nake ba. Kondensar da ke tace wuta tana riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare fulogi. Sauke ta ta cikin rizista, ka auna ka tabbata. In kana awo da wuta a kunne, hannu ɗaya a aljihu. Kada kuma ka kunna ba lasifika ko madadinta, don taransifomar fitarwa na iya ƙonewa, ita ce kuwa mafi tsada a akwatin.

Amfilifaya mai rizistar katod ba ta da abin murɗawa, dubawa kawai ake yi. Auna bolt a kan rizistar ka raba da om ɗinta. Bolt 19 a kan om 470 ya ba ka miliamfiya 40. Ninka da bolt ɗin da ke tsakanin faranti da katod, a ce 330, ka sami kusan wat 13. Irin wannan haɗin kan zauna dab da iyakar bawul, kuma haka aka tsara shi.

Aikin yana wajen wadda ake kai wa girid ɗinta bolt na ƙasa da sifiri daga wata hanya ta daban. Kafin ka dasa bawul, taɓa ƙafa ta 5 ta soket ɗin EL34 ko 6L6 ka ga bolt ɗin yana nan, ka murɗa shi zuwa can ƙasa. Sa rizistar om 1 tsakanin ƙafa ta 8 da ƙasa, ta yadda kowane milibolt da mita ta nuna miliamfiya ɗaya ne. Kunna, ka bar ta ta yi ɗumi, ka auna faranti a ƙafa ta 3. Masu gyara sun saba tsayawa a kashi 70 cikin ɗari na iyakar faranti. Ga EL34 wat 17.5 ke nan; raba da bolt 450, ka sami miliamfiya 39. Murɗa a hankali har ka kai, sannan ka sake auna faranti, domin bolt ɗinsa na sauka in wuta ta ƙaru. Wutar katod ta haɗa da 'yar wadda wani girid na biyu da ke cikin bawul ɗin ke ja, saboda haka lissafin ya ɗan bar maka rara, wannan kuwa alheri ne.

Kashi 70 ɗin nan al'adar masu gyara ce, kuma rufi ne, ba wajibi ba. Ni a nan ƙasar na fi son 60 zuwa 65. Dalili shi ne wutarmu: sunanta bolt 230, amma ta layi daban ta janareta daban, kuma in ta hau, faranti ya hau tare da ita. Wanda ya saita da rana wuta na ƙasa, da dare sai ya tarar faranti ya yi jajir. Da ka ga jan nan, kashe nan take. In kuma ka yi sanyi da yawa, gurguntar ajin B ta dawo. Bawul biyun ma su zama sa'o'in juna. In tazararsu ta wuce miliamfiya 5 ko makamancin haka, nemi waɗanda aka gwada aka haɗa.

Roƙona ga iyayen gidanmu masu rumfa: kada ku koya wa yaranku saiti da kunne, domin kunne na son zafi, zafi kuma ke cinye bawul. Duk wadda kuka saita, ku rubuta bolt na bango, da na faranti, da miliamfiyar kowane bawul a takarda ku manna cikin akwatin, don mai gyaran da zai zo bayanku.