Yaro, Waya da Namun Daji



An ɗora mini in yi magana a kan yadda ya kamata a tsara shafin intanet na wayar hannu domin yaran da ke ziyartar gidan namun daji. Zan kafa misali da Gidan Zu na Kano, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, da ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975. Yara kan cika gidan maƙil lokacin bukukuwan Sallah, amma da yawansu sukan koma gida ba su ƙaru da kome ba sai sunan zaki da na biri.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, shafin da ya riƙe idon yaro a kan waya ya ɓata ziyarar. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaro ya zo ne ya ga dabba da idonsa, saboda haka aikin shafi ya nuna masa inda zai duba, sa'an nan ya yi shiru. A gaban jimina, maimakon dogon bayani, sai shafi ya ce, "Ƙirga yatsun ƙafarta." Yaro ya ɗaga kai ya ƙirga, ya sami biyu. Daga nan sai a gaya masa cewa babu wani tsuntsu mai yatsu biyu sai ita, kuma ƙwanta guda yakan kai nauyin kilo ɗaya da rabi. Abin da ya gano da kansa ba zai manta da shi ba.

Na biyu, mu san mai riƙe da wayar. Galibi ta uba ce ko ta yaya, yara huɗu ko biyar sun yi mata rumfa, ga rana, ga ƙarancin data. Don haka a sa manyan haruffa da hotuna marasa nauyi, kada kuma a tilasta wa kowa sauke manhaja. A liƙa tambarin nan da ake kira QR a jikin kowane keji, da an haska shi da waya shafin dabbar ya buɗe. Tun da yake ba kowane yaro ya iya karatu ba, a sa murya da Hausa, wadda ba za ta wuce minti ɗaya ba.

Na uku, harshe. Yara nawa ne a birni yau za su iya bambanta gada da barewa, ko dila da yanyawa? Idan sunayen nan suka fita daga bakin yara, sun fita daga Hausa ke nan. Sai a fara da sunan Hausa, na Turanci ya biyo baya. A kuma shiga ta ƙofar da yaro ya sani, wato tatsuniya. Ya san kura da wauta da kwaɗayi, to, a gaya masa cewa kura mai dabbare-dabbare gwanar farauta ce, kuma mata ne ke shugabancin garkenta.

Na huɗu, amana. Kada shafi ya nemi sunan yaro ko hotonsa, kada kuma a cusa masa talla. A kowane shafi a tuna masa kada ya miƙa hannu cikin keji, kada ya jefi dabba.

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala duka? Ku dubi raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, wanda a da yake yawo daga Senegal har Tafkin Chadi. A 1996 saura 49 kacal suka rage, dukkansu a Nijar, wajen Kure kusa da Yamai. Da hukuma da mutanen ƙauyuka suka tashi tsaye wajen kare su, sai da yawansu ya haura 600. Wanda bai san dabba tun yana yaro ba, da wuya ya damu da ƙarewarta in ya girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A cikin ɗakin nan akwai masu karatun kwamfuta, da na Hausa, da na ilmin dabbobi, da waɗanda gobe za su riƙe ofisoshin gwamnati. Aikin nan ba ya yiwuwa sai kun haɗa hannu. Ina roƙonku, kafin ku zana kome, ku je ku tsaya a gaban keji ku saurari tambayoyin da yara ke yi wa iyayensu, domin daga nan shafin zai fara.