MAJALISA DA GIDAN YARI: BIN SAWUN DOKA BAYAN AN KAFA TA



GABATARWA

Da yake nazarin harshe shi ne sana'ata, ku yi mini izini in fara da kalmomi. "Gidan yari" asalinsa gidan Yari ne, watau basaraken da sarki ya danƙa wa tsaron ɗaurarru. Duk wanda ke ciki a wuyan Yari yake, shi kuma Yari a wuyan sarki. "Fursuna" kuwa aro ce daga Turanci. Yanzu kuma an zo mana da "gidan gyaran hali". Wannan suna alkawari ne aka ɗauka, kuma tambayar wannan lacca ita ce: wane ne zai tsaya ya ga an cika shi? Amsar da zan kawo ita ce majalisun dokoki, na tarayya da na jihohi, domin su tsarin mulki ya ɗora wa wannan nauyi.

TAƘAITACCEN TARIHI

A Arewa, gidajen yari sun daɗe a hannun En'e, har zuwa 1968 da Gwamnatin Tarayya ta karɓe su ta haɗe da nata. A 1972 gwamnatin soja ta kafa Doka mai lamba 9, wadda da ita aka yi ta aiki har 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali, bayan ƙudurin ya shafe fiye da shekara 10 a Majalisar Tarayya. Kafin nan, a 2015, an kafa dokar gudanar da shari'ar laifuffuka. A 2023 kuma aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon kafa nasu gidajen.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana 1 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana 2. Dokar 2015 ta ce umarnin tsare wanda ake tuhuma kada ya wuce kwana 14 a karon farko, kuma ta iyakance sabunta shi. Ta umarci majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda kowane wata. Har ila yau ta wajabta wa shugaban gidajen yari ya miƙa wa manyan alƙalai da Antoni Janar, duk bayan kwana 90, sunayen waɗanda suka wuce kwana 180 suna jiran shari'a. Dokar 2019 kuwa ta ba hukumar ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika maƙil, kuma ta buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa jama'a aiki da sasanta mai laifi da wanda aka zalunta.

To, duk da haka, a 2024 ɗaurarru a Nijeriya sun haura 75,000, kuma kimanin biyu bisa uku daga cikinsu jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Ga yadda abin ke faruwa. Alal misali, a zargi mutum da fashi, 'yan sanda su kai shi kotun majistare, alhali ba ta da hurumin sauraron irin wannan ƙara. Sai alƙali ya ce a tsare shi har a sami shawarar Ma'aikatar Shari'a. Fayil ya kwanta a teburin wani, ɗan sandan da ya yi bincike a yi masa canjin wurin aiki, ranar zaman kotu kuma a ce babu motar kai fursunoni. Ta haka wata yakan zama shekara. Ɗan sanda, lauyan gwamnati, alƙali da gandiroba, kowa sai ya nuna ɗan'uwansa da yatsa.

IKON MAJALISA

A nan majalisa ta shigo, domin ita ce ke iya tara waɗannan hukumomi a zaure guda ta tambaye su. Sashe na 88 ya ba Majalisar Tarayya ikon bincikar duk hukumar da ke aiwatar da dokokinta ko take kashe kuɗin da ta ware, don a gyara kurakuran doka, a kuma tona cin hanci, sakaci da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ba ta ikon kiran kowa ya ba da shaida, da neman takardu. Sassa na 128 da 129 sun ba majalisun jihohi irin wannan iko. Daɗin daɗawa, bakin jakar gwamnati a hannunta yake, don ba a fitar da kwabo sai da amincewarta.

Akwai shaidar cewa tambaya tana aiki. A watan Disamba na 2023, wajen kare kasafin kuɗi gaban kwamitin Majalisar Dattawa mai kula da harkokin cikin gida, shugaban hukumar ya bayyana cewa naira 750 ake ciyar da fursuna a rana, karen tsaro kuwa naira 800. Maganar ta bazu a ƙasa, kuma a 2024 gwamnati ta ƙara kuɗin zuwa naira 1,125. Kuɗin bai isa ba, amma tambaya guda a bainar jama'a ta taimaka wajen motsa abin da ya daɗe a kwance.

Sai dai kash, sau da yawa majalisa ba ta farkawa sai bayan ɓarna. A Yuli 2022 'yan bindiga sun fasa gidan yarin Kuje, ɗaruruwa suka tsere. A Afrilu 2024 ruwan sama ya rushe katangar gidan yarin Suleja, tsohon gini tun na zamanin Turawa, fiye da mutum 100 suka fice. A Satumba na wannan shekarar ambaliyar Maiduguri ta yi irin haka. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar katanga aba ce da ido ke gani tun kafin damina, da an je an duba.

ABIN DA YA KAMATA

Na farko, kwamitoci su riƙa neman kwafen jerin sunayen nan na kwana 90, su zauna a kansa a fili, su tambayi dalilin jinkirin kowane fayil. Na biyu, ziyara ta zama ta ba-zata. Gidan da aka share aka yi wa fenti don zuwan baƙi ba ya faɗin gaskiya, kuma gani ya kori ji. Na uku, a bi kuɗi har tukunya: buhu nawa aka biya, nawa ya shiga sito, awo nawa aka dafa. Na huɗu, majalisun jihohi su daina ɗaukar wannan matsala ta Abuja ce. Mafi yawan ɗaurarru dokokin jiha ake zargin sun karya, kotunan jiha ne suka tura su, kuma tun 2023 uzurin rashin iko ya ƙare. Su ware kuɗi don lauyoyin gwamnati, motocin kai fursunoni da jami'an da za su kula da hukuncin da ba na ɗauri ba.

KAMMALAWA

Ku ma'aikata, fayil ɗin da ke kan teburinku mutum ne, yana da uwa da mata da 'ya'ya masu ƙirga kwanaki. Idan majalisa ta nemi bayani, ku ba ta na gaskiya. Ku kuma ɗalibai, idan ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi yaushe rabonsa da gidan yarin da ke mazaɓarsa, kuma mutum nawa ke jiran shari'a a ciki. A da, an san wanda za a tuhuma in ɗaurarre ya wulaƙanta, watau Yari da sarkinsa. A yau amanar tana hannun waɗanda muka zaɓa, kuma Allah zai tambayi kowa abin da aka ba shi kiwo.