Jawabi a Kan Masuntan Lofoten, Ƙasar da Busasshen Kifin Turai Ke Fitowa

 

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Sabon Gari ta Kano ya ga wani irin busasshen kifi mai tauri kamar icce, wanda sai da zarto ko gatari ake yanka shi. Yarbawa suna kiransa panla, Ibo kuwa okporoko. Ba a kama shi a Kwara, ba a kama shi a Binuwai ko Tabkin Cadi. Daga ƙasar Norwe yake zuwa, can arewacin Turai, kuma inda ya fi shahara shi ne waɗansu tsibirai da ake kira Lofoten. Jawabin yau a kan mutanen wannan wuri ne, da yadda suke su, da kuma rigimar da suka daɗe suna yi a kan wane ne mai ruwa.

Tsibiran nan duwatsu ne masu tsini da suka taso daga cikin teku, filin noma kaɗan ne ƙwarai, mazaunansu kuwa wajen mutum 25,000 ne. Saboda nisansu arewa, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta fāɗuwa sam, a watan Disamba kuma sai a yi makonni ba a ga ƙwayarta ba. Abin da ya sa mutum ya iya zama a can shi ne wani ruwa mai ɗumi da ke gudana cikin teku tun daga wajen Amurka, wanda ya hana gaɓar daskarewa ko da tsakiyar hunturu.

Kifin da ake nema sunansa kod, mutanen ƙasar kuwa suna ce masa skrei, watau matafiyi. A Tekun Barents yake girma, arewa da Norwe da Rasha. In ya isa haihuwa sai ya yi ayari ya gangaro kudu, tafiyar kusan mil 600, ya zo bakin tsibiran nan ya zuba ƙwai tsakanin Janairu da Afrilu. Ashe ke nan lokacin su shi ne lokacin da sanyi da duhu da hadari suka fi tsanani. Ba masunta suka zaɓi haka ba, kifi ya zaɓa musu.

Sana'ar tsohuwa ce. Tarihinsu ya nuna wajen shekarar 1120 wani sarkinsu mai suna Oystein ya sa aka gina wa baƙin masunta ɗakunan kwana a wani wuri da ake kira Vagan, domin ya gane yawan dukiyar da ke fitowa daga ruwan. Daga nan ake kai kifin birnin Bergen, inda fataken Jamus suka kafa zango wajen 1360 suna rarraba shi cikin Turai. Jirgin wani attajirin Italiya, Pietro Querini, ya lalace a teku, a 1432 shi da 'yan kaɗan daga mutanensa suka tsira a tsibirin Rost. Da zai koma gida ya tafi da busasshen kifin, har yau kuwa Italiya ce ke sayen mafi kyawunsa.

A ƙarshen ƙarni na 19 masunta wajen 30,000 ke taruwa kowane hunturu. Yawancinsu ƙananan manoma ne daga garuruwan gaɓa masu nisa. Bayan sabuwar shekara sai mutum biyar ko shida su shiga jirgin katako marar rufi, da filafili guda da matuƙai, kowa da akwatinsa wanda matarsa ta cika da gurasa da man shanu da busasshen nama da safar hannu ta ulu. Sukan yi kwanaki, wani lokaci makonni, kafin su isa. Mata su ke riƙe gida da dabbobi har bazara. Da yawa ba su komowa. Ran 11 ga Fabrairu 1849 guguwa ta auka wa jirage suna tsakiyar ruwa, mutane masu yawan gaske suka halaka a yini guda. An ce in jirgi ya kife, masu sauran rai sukan hau bayansa su kafa wuƙaƙensu a katako su riƙe. In igiyar ruwa ta kawo jirgin gaɓa babu kowa, sai a ƙidaya wuƙaƙen a san yawan waɗanda sanyi ya kayar.

Yadda ake busar da kifin abin lura ne, don ba gishiri, ba hayaƙi, ba wuta. A fede shi, a cire kai, a ɗaure biyu biyu ta wutsiya, a rataye a kan dogayen rumfunan sanduna daga Fabrairu har Yuni. Iska ce kaɗai ke aikin. In sanyi ya yi yawa tsokar ta lalace, in zafi ya shigo ƙuda su ɓata ta, Lofoten kuwa ta faɗo daidai tsakani. Kifin yakan rasa wajen kashi huɗu cikin biyar na nauyinsa, sa'an nan ya shekara da shekaru bai ruɓe ba. Akwai gwanaye waɗanda aikinsu ke nan su duba, su shinshina, su ware shi daraja daraja. Hanta a tatse mai, wanda wani mai haɗa magani, Peter Moller, ya gyara hanyar tace shi da tururi wajen 1854. Harshen kifin ma ba a yar da shi: yara 'yan makaranta ke yanke shi su sayar, kuɗin nasu ne, al'adar kuwa tana nan har yanzu.

To, ga maganar da ta fi shafar masu riƙon ƙasa. Duk hakimin da ke da kogi ko tabki a gundumarsa ya san ƙarar masunta ba ta ƙarewa, haka abin yake a can. Dokar 1816 ta yanka tekun kashi kashi, ta ba kowane ƙauyen su nasa, ta kuma bar kulawa a hannun masu ƙasar ƙauyen. Su ne masu ɗakunan haya, su ne masu kanti, su ne masu ba da bashi, su ne kuma masu sayen kifi a farashin da suka ga dama. Masunci ya zama kamar bara a gidan wani. A 1857 aka soke wannan, aka ce teku ta kowa ce, gwamnati ta naɗa ma'aikatanta masu sa ido. Amma buɗe ruwa ga kowa bai kashe rigima ba, sai ya sāke mata kama, domin mai taru da mai mamari da mai fatsa ba su zama wuri guda lafiya.

Abin ya kai maƙura a watan Maris na 1890 a wani siririn lungun teku mai suna Trollfjord. Kifi ya cika lungun, masu jiragen tururi suka tare bakinsa, suka hana masu ƙananan jirage shiga sai da sharaɗi. Talakawa suka far musu da matuƙai da sanduna, su kuwa suka riƙa watsa musu tafasasshen ruwa daga tukunyar inji. Ƙananan jirage suka kutsa da ƙarfi. Ba a daɗe ba majalisar ƙasa ta hana irin wannan babban taru a Lofoten, a 1897 kuma aka yi dokar da ta ba masunta ikon zaɓen wakilansu, waɗanda za su raba ruwa tsakanin masu kayan su iri iri. Aka kuma tsaya a kan cewa ba jirgin da zai bar gaɓa da safe sai an ɗaga alama, don kada mai ƙarfi ya riga kowa wuri. Wannan tsari ya fi na 1816 da na 1857 ƙarko, dalili kuwa a fili yake, waɗanda dokar za ta hau kansu su ne suka zauna suka tsara ta. Saura maganar farashi, ita ma a 1938 aka ba ƙungiyar masunta ikon yanke mafi ƙanƙancin kuɗin da ɗan kasuwa zai biya.

Tafiya ma ta sauƙaƙa. A 1893 wani matuƙi, Richard With, ya fara zirga-zirgar jirgin wasiƙu da fasinja a gaɓar arewa. Inji ya shiga jiragen su a farkon ƙarni na 20, a 2007 kuma aka gama hanyar mota da ta haɗa tsibiran da babbar ƙasa ta gadoji da ramukan ƙarƙashin dutse. Yau masuntan da ke zuwa ba su kai ko kusa da yawan na dā ba, baƙi masu yawon buɗe ido ne ke kwana a yawancin tsofaffin ɗakunan.

Inji ya rage mutuwar mutane, amma ya jawo wani haɗari, watau ƙarewar kifin kansa. A 1947 an kama wajen ton 146,000 a Lofoten kaɗai, ba a taɓa samun kamarsa ba. Tun 1976 Norwe da Rasha suke zama kowace shekara su yanke yawan da za a kama, bisa lissafin masana. Duk da haka kifi ya ragu ƙwarai, har ran 18 ga Afrilu 1989 gwamnati ta tsayar da su a gaɓar arewa shekara ba ta yi nisa ba, daga 1990 kuma aka yanka wa kowane jirgi rabonsa. Kifi ya farfaɗo, har a 2013 aka yarda a kama ton miliyan ɗaya a Tekun Barents. Daga baya ya sāke raguwa, rabon 2025 ya sauko zuwa ton 340,000.

Nijeriya ta daɗe cikin manyan masu sayen wannan kaya. Lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, an aiko da shi da yawa don taimakon yaran da yunwa ta kama a Gabas. Busassun kawunan kifin kuwa, waɗanda Turawa ba su damu da su ba, kusan duka nan ake kawo su cikin ɗauri ta tashar Ikko, daga can su bazu zuwa Aba da Anaca da Kano. Saboda haka in an rage rabon masunta a wancan zama na Norwe da Rasha, bayan 'yan watanni mai sayarwa a Sabon Gari zai ƙara wa kan kifi kuɗi.