Tsadar Rayuwa a Jihar Kano: Daga Kuɗin Udoji Zuwa Janye Tallafin Mai



Ina godiya ga jami'a da ta ga ya dace ta fito da wannan lacca daga harabarta ta kawo ta nan Nasarawa, domin kuwa babu wata unguwa a Kano da ta fi dacewa da zancen da za mu yi yau. Nan Turawa suka yi mazauni bayan sun ci Kano a 1903, nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a 1909, wadda ta yaye rukunin farko na 'yan boko masu cin albashi a nan Kano, kuma nan Gidan Gwamnati yake. Wanda duk yake so ya san abin da ya sami mai albashi, to, ya zaga titunan unguwar nan ya ƙidaya gidajen da aka gina a da don manyan ma'aikata, ya ga nawa ne har yanzu ma'aikaci yake ciki. Da yawansu sun koma hannun attajirai, waɗansu an rushe an yi otal, ko asibiti, ko makarantar kuɗi. Ma'aikacin da ba shi da wata hanya ban da albashinsa ya tattara iyalinsa ya koma bayan gari, inda kuɗin mota yake cinye abin da ya rage masa na haya.

Kafin mu yi nisa ya kamata mu rarrabe abu biyu waɗanda mutane kan cakuɗa, watau yunwa da tsada. A yunwar 1914, da kuma farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, rumbuna ne suka ƙare, damina ta ƙi, dabbobi suka mutu. Abin da ya same mu a 2024 ba haka yake ba. Dawanau cike take da hatsi, kasuwar Singa cike da shinkafa da sukari da man girki, 'Yankaba cike da kayan miya. Kaya suna nan a jibge, aljihu ne ya kasa. Saboda haka tambayar da ke gabanmu ita ce: me ya karya darajar kuɗin da ke hannun Bakano, kuma me Kano take sayarwa ta sami kuɗin?

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, arzikin birnin nan ya rataya ne a kan abin da manomi ya noma da abin da mai sana'a ya yi da hannunsa: gyaɗa, da auduga, da ƙiraga da fatu. Dalar gyaɗa da iyayenmu suka gani da idonsu, gumin ƙauye ne aka tara a birni kafin a kai shi teku. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta fi Nijeriya fitar da gyaɗa waje. Sa'an nan abubuwa uku suka auko kusan lokaci guda: fari, da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975, da kuma tashin farashin man fetur a duniya, wanda ya ninka kamar sau huɗu tsakanin 1973 da 1974. Na ukun shi ne ya fi yin ɓarna, ko da yake shi aka yi wa murna. Dalili kuwa shi ne, sa'ad da kuɗin waje suka kwararo, naira ta yi ƙarfi fiye da kima, sai kayan ƙetare suka yi araha, namu na gida suka yi tsada. Shinkafar Amurka da ta Tailan ta fi ta Kura sauƙi, leburan gona ya ajiye fartanya ya taho birni ɗaukar bulo. Kafin ƙarshen shekarun 1970, ƙasar da take fitar da gyaɗa ta koma sayen man girki daga waje.

A nan zan ɗan dakata a kan kuɗin Udoji, domin dattawan da ke cikin zauren nan ba su manta da shi ba, ɗalibai kuwa yawancinsu sunan kawai suka ji. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta amince da ƙarin albashi, wanda ga ƙananan ma'aikata ya ninka har ya ɗara, aka kuma biya shi a farkon 1975 haɗe da bashin watannin baya tun daga Afrilu 1974. Masinja da akawu suka wayi gari da kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba. Aka sayi babur, aka sayi rediyo, aka ƙara aure. Amma fa ba a ƙara ko dami ɗaya na gero a gona ba, ba a kuma ƙara ko ɗaki ɗaya na haya a Fagge ko Sabon Gari ba. Kuɗi suka yi yawa, kaya suna yadda suke, sai farashi ya bi kuɗin a guje. Hauhawar farashi a 1975 ta haura kashi 30 cikin ɗari. Rahoton Udoji ya ƙunshi gyaran tsarin aiki da horar da ma'aikata, amma wannan ɓangare aka jingine shi, aka ɗauki kuɗin kaɗai. Wanda kuwa ya fi jin jiki shi ne wanda bai karɓi ko kwabo ba, irin su manomi, da dukawa, da malamin allo, waɗanda suka je kasuwa ɗaya da mai Udoji.

Bai kamata a ce ba a yi kome da kuɗin wancan zamani ba. Gwamna Audu Bako ya gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, kuma ita ce uwar noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure. Masana'antu suka cika Bompai da Sharaɗa da Challawa, suna saƙa, suna jima, suna yin alewa da robobi da man gyaɗa. Sai dai akasarinsu injinansu da kayan gyaransu, har da waɗansu kayan aikinsu, daga waje suke zuwa. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982, sa'an nan gwamnatin Janar Babangida ta zo da shirin SAP a 1986 ta karya darajar naira. Aka haɗa wannan da rashin wutar lantarki, da atamfar Sin da ake shigowa da ita ta kan iyaka, sai masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kantin Kwari bai mutu ba, ƙara girma ma ya yi, illa dai yawancin abin da ake sayarwa a cikinsa ba a Kano aka saƙa shi ba. Birnin da yake yin kaya ya sayar ya koma dillalin kayan wasu, dillali kuwa farashinsa yana hannun mai kaya da mai canji.

Wannan shi ya sa abin da ya faru a 2023 ya bugi Kano ƙwarai. A farkon shekarar aka sha wahalar canjin takardun kuɗi, ciniki ya tsaya a kasuwannin da ba su san wani abu ba sai tsaba. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da take kimanin naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a Fabrairu 2024. Ofishin ƙididdiga na ƙasa ya ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024, ta abinci kuwa ta taɓa kashi 40 a tsakiyar shekarar. Waɗannan alƙaluma na ƙasa ne baki ɗaya, amma Kano tana da nata ƙarin nauyi. Tsakaninta da tashar jiragen ruwa ta Ikko kimanin kilomita 1,000 ne, kuma kusan kome a kan babbar mota yake zuwa, saboda haka kowane ƙarin kuɗin mai sai ya hau kan buhu. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum miliyan 9.4, fiye da kowace jiha, alhali kuwa an riga an cire mata Jigawa tun 1991. 'Yan bindiga sun hana noma a wurare da yawa na Zamfara da Katsina, waɗanda aka kora kuwa da dama nan suka nufo. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, dabbobi da wake suka yi wuyar shigowa ta hanyar da aka saba, hatsinmu kuwa bai fasa fita ta ɓarauniyar hanya ba, gama faɗuwar naira ta sa ya yi wa mai sefa araha.

Kun ga abin da ya biyo baya. A Fabrairu 2024 mata masu gurasa suka fito titi suna kukan tsadar fulawa, abin da ya dace ya ba mu kunya, tun da alkama tana yi a Kadawa, amma kusan duk wadda ake niƙawa a ƙasar nan daga ƙetare take. Ranar 1 ga Agusta aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, ta rikiɗe ta zama wawashe kaya a kusa da Sakatariyar Audu Bako, 'yar tafiya kaɗan daga inda muke zaune, aka yi asarar rayuka, aka kafa dokar hana fita.

Mutane da yawa sun ɗora laifin a kan masu ɓoye kaya, har hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha ta rufe waɗansu ɗakunan ajiya a Dawanau a Fabrairun 2024. Ni ban musa akwai masu mugun nufi a cikin fatake ba. Amma a ganina ɓoye kaya ɗan tsada ne, ba ubanta ba. Ɗan kasuwar da ya san nairar da zai karɓa yau ba za ta sayo masa buhun da ya sayar ba nan da wata guda, lalle zai fi son ya riƙe buhun. Kuma ajiye hatsi daga kaka zuwa bazara sana'a ce da ta girmi kowa a nan. In babu mai ajiya, da me za a ci a watan Yuli? Fasa sito yana kwantar da rai na mako guda, ba ya ƙara amfanin gona.

To, albashi fa? A 1981 aka yanke mafi ƙanƙantar albashi naira 125, wanda a canjin lokacin ya kai kimanin dala 200. A Yuli 2024 aka mai da shi naira 70,000, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya sanar da 71,000 ga ma'aikatan Kano a watan Oktoba. A canjin lokacin bai kai dala 50 ba, bai kuma isa buhun shinkafa mai kilo 50 ba. Ƙarin ya wajaba, babu mai hankalin da zai ce a bar ma'aikaci a kan 30,000 na 2019. Sai dai ina roƙon 'yan'uwana ma'aikata su tuna da Udoji, su kuma tuna cewa masu cin albashin gwamnati 'yan ƙalilan ne a cikin jama'ar jihar nan. Ɗan adaidaita sahu, da mai shayi, da ɗan dako a Kwari, babu takardar da ta ƙara musu kome.

A 2025 farashin hatsi ya sauko, bayan an yi kaka mai kyau, an kuma ɗage harajin shigo da waɗansu kayan abinci na ɗan lokaci tun 2024. Mutanen birni suka sami sa'ida. Amma manoma suka yi ta kukan cewa kuɗin taki da man injin ban-ruwa sun fi abin da masara da shinkafa suke kawowa. Wannan kuka abin tsoro ne, domin shi ne daidai abin da ya faru a shekarun 1970: aka ciyar da birni da araha ta hanyar karya manomi. Manomin da ya faɗi bana zai rage gona baɗi, tsadar kuwa ta dawo ta ƙofar da ta fita.

Farashin dala da na fetur ba a Nasarawa ake yanke su ba, amma akwai abin da yake hannun jiha. Kason da jihohi suke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai bayan janye tallafi, ga shi kuma abin da Legas take tarawa na haraji a cikin gida ya ninka na Kano fiye da sau goma, duk da girman kasuwanninmu. Abin dubawa shi ne inda ƙarin yake tafiya. Ruwan Tiga da na Challawa yana nan, abin da ake bukata shi ne yashe magudanai da kai taki a kan lokaci, ba bayan shuka ta wuce ba. Tumatirin da yake ruɓewa a Kwanar Gafan lokacin rani shi ne wanda ake nema ido rufe da damina. Ruwan famfo in ya zo, ya rage wa magidanci kuɗin 'yan garuwa. Makarantar gwamnati in ta gyaru, ta sauke masa kuɗin makarantar kuɗi. Motar haya mai tsari ta rage masa na zuwa aiki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙarin albashi ne wanda ba ya tayar da farashi, kuma yana isa ga wanda ba ya cikin takardar biya. Dukansu kuwa ta kan teburin waɗansunku suke bi, a Ma'aikatar Gona, da ta Ruwa, da ta Kuɗi, da Hukumar Haraji. Fayil ɗin takin da ya kwana wata biyu a tire, a watan Satumba ake ganin sakamakonsa a bakin mudu.

Ga ɗalibai kuma ina da roƙo guda. Alƙaluman da na kawo muku yawancinsu na ƙasa ne. Ku je Dawanau da 'Yankaba da Rimi kowace Juma'a da littafi da alƙalami, ku rubuta kuɗin mudun gero, da na kwalbar mai, da na mota daga Hotoro zuwa Kabuga, ku yi haka shekara uku ba fashi, ku ajiye a ɗakin karatu na jami'a inda mai tsara kasafin kuɗi zai iya zuwa ya duba.

Shugaba, na ga lokaci ya ƙure, kuma an ce za a yi tambayoyi.